Madalla da Majalisa Mai Haƙuri

Ranku ya daɗe, masu girma 'yan majalisa, sanatoci 109 da wakilai 360 da ke Abuja, da ku 40 da ke zauren majalisar dokokin Kano, daga Wudil nake miƙo muku jinjina. Kun kyauta, sannunku da ƙoƙari. A 2014 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan tsaftar abinci da amincinsa, masana suka ce manufa takarda ce kawai, ba ta kama kowa sai an ɗora ta a kan doka. Aka zauna aka rubuta ƙudurin dokar aminci da ingancin abinci, wanda zai haɗa kan ma'aikatu da jihohi da ƙananan hukumomi su sa ido tun daga gona har zuwa kwano. Ƙudurin ya shigo muku da shekarar 2019 a goshinsa, zango ya ƙare bai zama doka ba. Ya sake dawowa da 2023. Manufar ta cika shekara 10, har aka yi mata sabon zubi, doka shiru. Irin wannan haƙuri sai ku.

Kada wani mai hassada ya ce kasawa kuka yi, domin mun ga saurinku da idonmu. A watan Mayun 2024 ƙudurin dawo da tsohon taken ƙasa ya tsallake karatu uku a majalisar wakilai cikin yini guda, majalisar dattawa ta bi sahu, shugaban ƙasa ya sa hannu ranar 29 ga wata. A Kano ma haka. Dokar 2019 da ta ƙirƙiro sababbin masarautu, wadda ta ɗauke Wudil ta kai ta ƙarƙashin Gaya, 'yan kwanaki ta yi a hannunku. Ranar 23 ga Mayun 2024 aka rushe ta, majalisa ta zartar, gwamna ya sa hannu, duk rana ba ta sake fitowa ba. Ashe idan magana ta shafi waƙa ko rawani, ƙafarku ba ta taɓa ƙasa. Abin da ke shiga cikin yaro shi ne kuka ga ya cancanci dogon nazari.

Bari in faɗa muku abin da haƙurinku ya lulluɓe, kuma raina a ɓace nake faɗa. Akwai bayin Allah da jikinsu ba ya karɓar wani abinci da kowa ke ci lafiya lau. Garkuwar jikinsu ce ke ɗaukar gyaɗa, ko ƙwai, ko madara, ko kifi, ko riɗi, ko alkama a matsayin abokin gaba, sai ta tayar da yaƙi a cikin jikin mai ita. Idan abin ya tsaya a fata, jiki ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, mukan ce borin jini ne, a sha Piriton, gobe ya wuce. Wani lokaci kuwa ba ya tsayawa a nan. Leɓe ya kumbura, harshe ya cika baki, maƙogwaro ya toshe, numfashi ya riƙa fita da kuka, jini ya faɗi, mutum ya sulale. Likitoci na kiran wannan anafilaksis. Ba sai an ci kwano guda ba, abin da ya manne a cokali ya isa. Binciken da aka yi a Birtaniya kan waɗanda abinci ya kashe ta wannan hanya ya nuna cewa daga loma zuwa tsayawar numfashi, a tsakaice minti 30 ne. Wannan daban yake da na wanda nono ke ɓata wa ciki ya kwana yana zarya bayan gida. Shi wancan wahala yake sha ya warke, wannan kuwa rai ne a bakin ƙofa.

To ku zo Wudil ranar Juma'a, lokacin da kasuwar shanu ta Kara ta cika ta batse, tireloli na lodin shanu zuwa Kudu, ku ga yawan bakin da ke cin abinci a titi. Yajin tsire ƙuli-ƙuli ne. Bandashen gurasa ƙuli-ƙuli ne. Labun da ake tsoma kilishi tunkuza ce. Miyar taushe da gyaɗa ake kaɗa ta, ga kunun gyaɗa, ga dakuwa. Awara waken suya ce, wata ma a ƙwai ake tsoma ta kafin a soya. Kantu riɗi ne. Kifin bakin gada a mai ake soya shi, kuma man gyaɗa na gida, wanda mata ke matsewa da hannu, yana tafe da burbushin gyaɗarsa. Kaskon da ya soya kifi yanzu shi zai soya dankali an jima, cokalin da ya juya wannan tukunya shi zai shiga waccan. Masu cin abincin nan kuma ba 'yan gari kaɗai ba ne. Akwai fatake daga Barno da Nijar, akwai direbobin da ke bin hanyar Maiduguri, akwai ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda ta buɗe tun 2001, da kuratan makarantar 'yan sanda waɗanda ake ɗebowa daga kowace jiha. Yaron da ya taso inda ba a san yajin tsire da gyaɗa ake yi ba, shi ma layi yake bi a gaban mai nama.

Ban ga laifin mai tsire ba, ban ga na mai awara ba. Neman halaliyarsu suke yi, da sana'ar da suka gada. Babu wanda ya taɓa zama da su ya ce akwai mutumin da ɗan garin ƙuli-ƙulin nan zai iya kashewa. Idan mai saye ya ce jininsa bai karɓi gyaɗa ba, amsar da zai ji ita ce, “Haba Alhaji, ai ɗan kaɗan ne, don ɗanɗano.” Da zuciya ɗaya yake faɗa. Ku da kuka bar shi a cikin wannan duhu, ku ne kuka cancanci yabo, don kun tsare masa kwanciyar hankalinsa.

Na san za ku ce ai akwai ƙa'ida, kuma gaskiyarku. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta fitar da ƙa'idar rubutun jikin kayan abinci a 2022, ta ce duk abin da aka rufe a leda ko gwangwani ko kwali, sai an bayyana idan akwai gyaɗa ko madara ko ƙwai ko kifi ko makamantansu a ciki. Madalla da wannan hikima. Rubutun da Turanci ake yin sa, a garin da uwa ke karanta Hausa ko ajami, ko kuma ba ta karatu sam. Harufan ƙanana ne, a bayan leda, inda ko mai tabarau sai ya matso da ita kusa da hanci. Sannan ƙa'idar ta tsaya a kan abin da kamfani ya rufe, alhali abincin Wudil a faranti yake, da ƙwarya, da takardar siminti, da baƙar leda. An sa wa ƙofar gaba kwaɗo, katangar baya a rushe. Tsarin mulkin 1999 ya danƙa wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da mahauta da gidajen abinci da gidajen burodi, ke nan aikin duba-gari ne. Kano na da ƙananan hukumomi 44. Ku nuna mini dokar da ta ce duba-gari ya koya wa masu abinci wannan magana, sai in ƙara muku jinjina a kan wadda na riga na yi.

Ga wata hujja ma na kawo muku kyauta, don ku ji daɗin kare kanku. Mai yiwuwa ne cutar gyaɗa ba ta kai yawan ta Turai a wurinmu ba. A 2015 aka wallafa binciken da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan kan jarirai 640, ya nuna cewa fara ba yaro gyaɗa tun yana jariri yana rage haɗarin da kusan kashi 80 cikin 100. Iyayenmu mata sun daɗe suna yin haka da kunun gyaɗa ba tare da sun jira farfesa ba. A Ghana kuma, wani bincike kan 'yan makaranta da aka wallafa a 2013 ya gano cewa gwajin jini na nuna alamar cutar ga yara da yawa waɗanda ke cin gyaɗarsu lafiya, aka danganta hakan da tsargiya. Duk wanda ya san bakin kogin Wudil ya san tsargiya ba baƙuwa ba ce. Abin da wannan ke nufi shi ne ko gwajin Turai ba za a kwaso shi haka nan a dasa a nan ba, sai an yi namu binciken, a kan namu yaran, da namu abincin. Ku kuwa kun fahimce shi ta hanyar da ta fi sauƙi: tunda kaɗan ne, a bar su. Yaro ɗaya cikin ɗari ko cikin dubu, a jihar da ke da miliyoyin yara, ku lissafa da kanku. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da uwa.

Babbar basirarku ita ce ta rashin ƙirga. Mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, yadda addini ya koyar. Mafi yawan mace-macen ƙasar nan ba sa shiga rajistar hukumar ƙidaya, balle a rubuta sanadi. Abin da ba a rubuta ba kuwa ba ya zuwa gaban kwamiti, ba ya shiga kasafi, ba ya hana kowa barci. Wace dabara ce ta fi wannan araha?

Sai dai mutane ba sa barin mutuwar yaro ba sanadi. Yaro ya ci abinci a gidan maƙwabta, ya dawo fuska a kumbure, ya shiɗe, ya cika kafin a samo babur. Me kuke tsammanin za a ce? Za a ce sammu ne. Za a ce guba aka sa masa. Za a ce tsohuwar nan ta bayan layi ce ta kama kurwarsa. Idan kishiya ce ta yi girkin ranar, ta shiga uku, ko an bar ta a gidan, har ta mutu ana nuna ta da baki. Kafin yaron ya cika an ɗura masa manja, an ɗura masa madara don a karya guba, wataƙila madarar ce ma take kashe shi. An yi hayaƙi, an yi tofi, an tsayar da shi a kan ƙafafunsa ana jijjigawa, alhali kwantar da shi ya kamata a yi a ɗaga ƙafafun. Duk cikin ƙauna ake yi, mutane na kuka suna yi. Asara biyu ke nan a gida ɗaya, an rasa yaro, an kuma ɓata sunan wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Wannan ne ya fi ci mini rai a cikin maganar gaba ɗaya, domin jumla biyu a rediyo da Hausa, ana maimaitawa, za su iya raba wata baiwar Allah da wannan ƙazafi. Kun bar mayu da kishiyoyi suna ɗaukar muku kaya, su kuwa ba su da bakin ƙarar kowa. Allah ya ƙara basira.

Wasu ƙasashen ba su da ƙarfin zuciya irin naku. A Kanada, wata yarinya mai shekara 13, Sabrina Shannon, ta ci soyayyen dankali a ɗakin cin abincin makarantarsu a 2003, ashe abin da aka ɗebo shi da shi ya taɓa cuku, ta rasu. Majalisar lardin Ontario ta kasa daurewa, a 2005 ta yi doka da sunanta, ta tilasta wa makarantu su san ɗaliban da ke da wannan larura, su horar da malamai yadda za su yi idan ta tashi. A Ingila, Natasha Ednan-Laperouse, 'yar shekara 15, ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin saman Heathrow a watan Yulin 2016. Akwai riɗi a cikin ƙullin, ba a rubuta a jikin takardar ba. Ta faɗi a cikin jirgi, mahaifinta ya yi mata allura biyu, ta cika a asibiti a birnin Nice na Faransa. Iyayenta suka hana hukuma sakat, har ranar 1 ga Oktoban 2021 dokar da ke ɗauke da sunanta ta fara aiki, ta ce ko a shagon aka haɗa abinci aka naɗe, sai an jera duk abin da ke ciki. Tarayyar Turai ta lissafa abubuwa 14 da dole a bayyana, har a gidajen cin abinci, tun Disamban 2014. Amurka ta fara da 8 a dokar 2004, ta ƙara riɗi daga Janairun 2023. Ku duba fa, yarinya ɗaya tak ta sa majalisa guda ta tashi tsaye. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma ku kun fi ƙarfin a tsorata ku da 'yar wani.

Ko goma ma ba su girgiza ku ba. A watan Maris na 2021, gab da azumi, mutane suka riƙa faɗuwa a Kano bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗan tsami. Gwamnatin jiha ta ce mutum 10 sun rasu, kusan 400 sun kwanta a asibiti, wasu ƙodarsu ta taɓu. NAFDAC ta ce wani sinadari ne mai guba aka sayar da sunan ɗan tsami. Wannan ba borin jini ba ne, amma ta ƙofa ɗaya suke shigowa: mai sha bai san abin da ke cikin kofinsa ba, mai haɗawa ma bai sani ba. Aka yi kame, aka ƙwace kaya, aka yi jawabi, ƙura ta lafa. Ƙudurin dokar abincin ya ci gaba da barcinsa, ba ku bari hayaniyar makoki ta tashe shi ba.

Abin sha'awa, idan cikin Bature ne, mun iya kiyayewa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda maganin ƙwari irin na fiya-fiya da aka samu ya wuce kima, nan da nan aka shiga taro da kwamitoci don a dawo da kasuwa. Riɗin da ake nomawa a Jigawa, ake tarawa a kasuwar Dawanau, ba ya hawa jirgin ruwa sai da gwaji da takardu, don mai saye a ƙetare ba ya wasa da lafiyar mutanensa. Waken da aka ƙi karɓa a can kuwa, irinsa ne muke dafawa a nan. Kun koya mana darajar baƙo.

Maganin da ke ceton rai a wannan hali sunansa adirenalin. Allura ce da ake yi a tsokar cinya ta waje, idan ba a ga sauƙi ba a sake bayan minti 5. Piriton ba ya buɗe maƙogwaron da ya toshe, haka ma alluran da mai kemis ya saba yi wa masu ƙaiƙayi. A ƙasashen masu kuɗi akwai ta a cikin wani abu mai siffar biro da mutum ke yawo da shi a aljihu, wanda a Amurka farashin guda biyu ya haura dala 600 a 2016. Ba wannan muke roƙo ba. 'Yar kwalbar adirenalin da sirinji tsohon magani ne mai araha, yana cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ƙa'idar rigakafi ta riga ta ce a ajiye shi a duk inda ake yi wa yara allura. Abin da ya rage shi ne a tabbatar yana nan, bai lalace ba, kuma wanda ke bakin aiki da dare ya san alamun ya kuma san yadda ake auna shi. Daga Wudil zuwa birnin Kano kimanin kilomita 40 ne. Daga ƙauyukan da ke bayan kogi zuwa cikin Wudil ma tafiya ce, balle ranar kasuwa da motoci suka cushe gada. Ku auna wannan da minti 30. A 2023 kun saya wa kanku manyan motoci, rahotanni suka ce kowace ta kai kusan naira miliyan 160, kuka ce hanyoyin ƙasar ne ba su da kyau. Gaskiya kuka faɗa. A kan hanyoyin nan ne uba ke rungume da ɗansa a bayan babur, yana jin numfashinsa na ƙanƙancewa. Kuɗin mota ɗaya zai sayi kwalaben da za su wadaci ɗakunan shan magani masu yawan gaske, amma mutuncin ɗan majalisa ai ba abin wasa ba ne.

Don haka kada ku wahalar da kanku. Kada ku ce makarantar kwana ta tambayi uwa, ranar da ta kawo ɗanta, ko akwai abincin da jikinsa ba ya karɓa, a rubuta, a gaya wa masu girki. Shirin ciyar da ɗalibai da aka ƙaddamar a 2016 ya sa miliyoyin yara a gaban tukunya ɗaya, kada ku tambayi wa zai san abin yi idan ɗaya ya shaƙe. Kada ku ce a rubuta gargaɗi da Hausa da ajami, ko a zana hoton gyaɗa da kifi da ƙwai yadda wanda bai yi boko ba zai gane. Kada ku tura duba-gari wurin sarkin fawa da shugabannin masu abinci, ya zauna da su cikin mutunci ya ce idan mai saye ya tambaya a faɗa masa gaskiya, a kuma ware cokali. Kada ku sa asibitoci su riƙa rubuta irin wannan larura da sunanta, don kar lissafi ya taru ya zo yana ƙwanƙwasa muku ƙofa. Majalisar Kano na iya yin nata ba tare da ta jira Abuja ba, ta nuna a yini guda take gama doka idan ta so. Ku daure, kada ku so.

Zaɓen 2027 na tafe, kuma mun san za ku zo. Za a kafa rumfa, maroƙa su wasa ku, a tara mata a layi a raba atamfa da sabulu da taliya. Taliyar nan ta alkama ce, kuma an rubuta hakan a jikin ledarta, da Turanci, daidai yadda ƙa'ida ta tanada. Idan ta shaƙe ɗan wata a cikinsu, babu mai cewa kun karya doka.